Haƙoran Surukina

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kwanana tara a gidan 'yata Auta. An cire min yana a idon hagu, likita ya ce a riƙa ɗiga magani sau huɗu a rana har wata ɗaya da rabi, kada in sunkuya, kada in ɗauki abu mai nauyi, kada in taɓa aikin agogo. Auta ta ce idan aka bar ni ni kaɗai a gidana, kafin la'asar na karya dokokin nan duka uku, sai ta kwaso ni da jakata. Ba ƙarya ta yi ba. Ta ba ni ɗakin baya mai taga ɗaya da ke kallon tankin ruwan gidan, ta haɗa min da wannan littafin, wai in riƙa rubuta lokacin da na ɗiga magani. Mutumin da ya shekara arba'in da shida yana gyara agogon jama'a, yau shi ake tuna wa lokaci. To.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, amma idan aka tara duk maganar da muka taɓa yi ni da shi, ba za ta cika kofin shayi ba. Da safe ya rusuna a bakin ƙofa ya ce an tashi lafiya, in ce lafiya lau. Ya ce ya idon, in ce da sauƙi. Daga nan shi ya kalli ƙafarsa, ni in kalli bango, har Allah ya kawo abin da zai raba mu. Mutumin kirki ne. Kunyata yake ji ƙwarai, ni ma in za a bi gaskiya ina jin tasa.

Ga abin da ya sa na wuce layin magani. Auta tana shagon yadi, sai biyar take dawowa. Malam yakan dawo daga makaranta biyu da kwata. Yau biyu da rabi na ɗiga maganina, uku saura ashirin na ji an buɗe ƙofar baya. Na ɗan ɗaga labule, don sabon ido komai so yake ya kalla. Sai ga Malam da singileti, ya dafe idon dama da tafin hannu, yana zagaya tanki da sauri kamar mai neman ƙofar shiga ciki. Ya tsuguna, ya miƙe, ya sake zagayawa. Uku da ashirin da biyar ya wanke fuska a famfo, ya shigo ya sa riga, ya zo bakin ƙofata ya ce ko ana buƙatar wani abu.

Na ce ba a buƙatar komai. Kowa a gidan nan ya ɗauka har yanzu dishi-dishi nake gani. Na bar su a haka.

Talata, 4 ga wata, huɗu saura kwata

Uku saura ashirin zuwa uku da rabi. Na daina ƙirga zagayen a sittin. Ban ga komai ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe takwas na dare

Auta na ɗiga min maganin dare, na bi ta bayan gida na tambaye ta me ya sa mijinta ke tauna da gefe ɗaya kamar akuya mai tunani. Ta ce ciwon haƙori ne. Shekaran bara a daidai irin wannan lokaci ya taso masa, likitan haƙori ya cire turmi ɗaya a sama ta dama, bayan sati huɗu ya warke ras. Bara ma haka, aka cire na biyu, bayan sati biyar ya warke. Bana ya dawo, ran Litinin za a cire na uku. Ta ce mutumin ya san aikinsa, duk wanda ya cire sai an samu lafiya.

Na ce da wane lokaci ciwon yake taso masa. Ta yi dariya ta ce ciwon haƙori kuma agogo gare shi? Ashe ba ta taɓa gani da idonta ba. In ta dawo sai ya ce mata yau ya ɗan taɓa shi, shi ke nan.

Ni na yi ciwon haƙori a rayuwata, har sau uku. Ba ya buɗe ofis uku saura ashirin ya rufe uku da rabi. Zama yake da kai kamar baƙon da ba shi da wurin zuwa.

Maigidana da ya koya min aiki yana da doka ɗaya wadda ya fi dukanmu a kanta. In an kawo agogo aka ce yana tsayawa, ba ka buɗe shi ranar. Ka rataye shi a ƙusa kwana bakwai, ka rubuta lokacin da ya tsaya da lokacin da ya tashi. Idan a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ka san inda za ka duba. Yaron da ya yi saurin buɗewa yakan fitar da abin da ke lafiya ya bar mai laifin a ciki. Ban san me ya tuna min da maigidana ba yau.

Alhamis, 6 ga wata, huɗu da kwata

Uku saura sha takwas zuwa uku da ashirin. Yau ya juyo ta wajen taga, na gan shi sosai. Idon dama ya yi jawur, fatarsa ta sauko rabi, hawaye na zuba, hancin wannan gefen ma na zuba. Idon hagu kuwa garau, kamar ba gidansu ɗaya ba. Bai iya zama ko na minti ɗaya.

Na ja layi biyar a bayan littafin nan: rana, lokacin tashi, lokacin sauka, wane gefe, me yake yi. Don kawai hannuna kada ya manta rubutu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Jiya Malam ya shigo da sabon salo. Yakan jingina goshi da tanki ya riƙa bugawa a hankali, tankin kuma rabinsa ba ruwa, sai ya ɗauki ƙara, dum, dum, har hawa na sama. Matar da ke haya a sama ta kai ƙara wurin mai gidan cewa tanki zai fashe, shi kuma ya turo mai gyaran famfo yau da hantsi.

Mai famfo ya zo ƙarfe goma, lokacin da tanki ke zaune lafiya bai ce da kowa komai ba. Ya kara kunne a jikinsa, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai irin na wanda ya daɗe da sanin halin tankuna. Ya leƙo ta tagata ya ce, Baba, kai da kake maƙwabcinsa, da wane lokaci yake wannan kukan? Na ji daɗin tambayar, don shi ne mutum na farko a gidan nan da ya tambayi lokaci. Amma na ce ni kunnena ya fi idona lalacewa. Ya cire ƙwallon da ke tsayar da ruwa ya sa sabo, ya ce an gama. Tsohon ƙwallon na nan a gindin tanki, lafiyarsa lau.

Lahadi, 9 ga wata, biyar na yamma

Auta na gida yau. Biyu da rabi Malam ya ce bari ya duba mota. Motar tana gaban gida, shi yana baya.

Gobe ne haƙorin. Na zauna na shirya maganar a raina iri huɗu, kowacce sai ta fara da cewa na ga yana kuka. Yaya mutum zai dubi mijin 'yarsa ya ce masa haka? Da zai gwammace a cire masa muƙamuƙin gaba ɗaya. Wataƙila kuma likitan ya san abin da ban sani ba. Shi ya yi karatu, ni ƙusa na iya ratayewa.

Litinin, 10 ga wata, takwas da rabi na dare

An cire da safe. Ya dawo da auduga a baki, ya gaishe ni da kai.

Uku saura ashirin shiru. Na ce alhamdulillahi, tsoho ya sha kunya, mai karatu ya yi gaskiya. Har na ɗauko biro zan soke layukan nan biyar. Uku saura sha bakwai aka buɗe ƙofar baya. Ya zagaya tanki da audugarsa har uku da rabi. Sabon ƙwallo bai hana komai ba.

Ya zo da haƙorin a nannaɗe cikin takarda don ya nuna wa Auta, ya ajiye a kan firji. Da suka shiga ɗaki na ɗauko gilashina na aiki daga ƙasan jaka, wanda Auta ba ta san na taho da shi ba, na maƙala a ido na juya haƙorin nan ta kowane gefe a ƙarƙashin fitila. Fari tas, saiwa uku, ba rami, ba tsaga. Da nawa ne da na yi masa wanka na mayar.

Na ce da Auta ba na jin yunwa.

Talata, 11 ga wata

Uku saura ashirin zuwa uku da ashirin da biyar. Ba ni na cire shi ba.

Alhamis, 13 ga wata, bakwai na yamma

Malam ya koma wurin likitan haƙori. Wai ciwon ya gudu ne ya koma gaba, don haka fiƙa za a cire, ranar Alhamis ta sama, ashirin ga wata, ƙarfe goma na safe. Turame uku da suka tafi suna can ciki, ba mai gani. Fiƙa kuwa a bakin ƙofa take. Auta ta ce tun yanzu in ya ce sittin da shida sai iska ta fita ta gefe, ɗalibai har sun fara neman ya maimaita. Ta faɗa tana dariya, ba ta ƙarasa dariyar ba.

Na ce, Auta, anya haƙori ne kuwa? Ta ce Baba, kai dai ka ji da idonka, a bar wa likita aikinsa. Da na ƙara kalma ɗaya sai ta tambaye ni yadda na sani, in ta tambaya kuma na tona abin da mijinta ya shekara uku yana ɓoye mata a bayan tanki. Na ɗaga kai ta ɗiga min magani.

Mai famfo ma ya dawo yau. Ya canja bututun da ke shiga. Ya ce kukan gudu ya yi ya koma sama.

Juma'a, 14 ga wata, tara saura kwata na dare

Kakata ba ta taɓa yi wa mutum faɗa kai tsaye ba, labari take ba shi, in yana da kai ya ɗauka. Na ce bari in gwada hanyarta. Muna cin abinci na ce na tuna wani labari. Wani mutum ne kullum da tsakar rana sai ya ji ana ƙwanƙwasa masa rufi. Ya ce kajinsa ne, ya yanka ɗaya. Kashegari aka ƙwanƙwasa, ya yanka ta biyu. Haka har akurki ya zama kango, ƙwanƙwasa ba ta fasa ba, don kwanon rufin ne ke miƙewa in rana ta yi zafi. Na ja labarin, na yi muryar kaji, na tsaya a inda kakata za ta tsaya na dubi Malam.

Ya ce haka ne, Baba. Ya ci gaba da tauna da gefen hagu.

Auta ta dube ni da tausayi ta ce in kaza nake marmari ai sai in faɗa.

Asabar, 15 ga wata

An dafa kaza.

Lahadi, 16 ga wata, tara na dare

Sau biyu yau. Na rana a kan lokacinsa, sai kuma wani takwas saura kwata zuwa takwas da rabi. Ya ce zai je sayen burodi. Ya dawo ba burodi, Auta ta yi ta mita.

Saura kwana huɗu.

Litinin, 17 ga wata, biyar saura

Awa ɗaya da minti goma. Goshinsa ya fashe kaɗan. Ya durƙusa a gindin tanki yana kiran mahaifiyarsa, wadda muka binne shekara shida da suka wuce. Na fita har ƙofar baya, hannuna a kan mariƙi. Ƙarfen mariƙin yana da sanyi, wannan na tuna. Na koma ɗaki na cika layi biyar.

Talata, 18 ga wata, takwas na dare

Yau ranar duba idona. Auta ta ajiye ni a asibiti ta wuce shago. Likitan ido ya haska, ya ce aiki ya yi kyau, in karanta allo. Na karanta masa har sunan kamfanin da ya buga allon. Sannan na ce ina da tambaya a kan wani abokina, na buɗe masa bayan littafin nan.

Ya fara karantawa a tsaye, ya ƙarasa a zaune. Ya jawo fitilarsa zai sake duba ni, na ce ba ni ba ne, abokina ne. Ya ce shekarun abokin nawa? Na ce arba'in da ɗaya. Ya ce wato ina da aboki ɗan arba'in da ɗaya wanda nake leƙe ta taga da agogo a hannu. Na ce abota iri-iri ce. Ya tambaya ko an taɓa cire wa abokin haƙori, ni kuwa ban rubuta wannan ba. Na ɗaga masa yatsu uku. Ya rufe ido, sannan ya ɗauki waya ya kira wata likita ta ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya karanta mata layukana ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce a kawo shi gobe tara na safe. Na karɓi wayar na ce, 'yata, tara na safe lafiyayyen mutum za ki gani, ki tambaye shi ya jiki ya ce da sauƙi, ya ɗan taɓa shi ne. Shekara uku da safe yake zuwa wurin likita. Ki ba mu biyu da rabi. Agogon da ke tsayawa ƙarfe uku ba a duba shi da hantsi. Ta ce ba ta so ta ga mutum cikin wahala don kawai ta tabbatar, takardata ma ta kusa isarta. Na ce wahalar za ta zo ko tana nan ko ba ta nan, bambancin kawai tanki ne ko ke. Ta ce biyu da rabi.

Da daddare na aika Auta ta kira min Malam. Ya zo ya rusuna. Na ce gobe ina so a raka ni asibiti, biyu da rabi. Ban taɓa roƙonsa ko allura ba. Na ga lissafi ya bi ta fuskarsa, na ga amsar ba ta yi masa daɗi ba. Auta ta ce ita za ta rufe shago ta kai ni, na ce a'a, maganar maza ce. Ya ce to, Baba.

Allah ya yafe min. Tarko ne, kuma da kunyarsa na ɗana shi.

Laraba, 19 ga wata, bakwai na yamma

Mun isa biyu da ashirin. Na riƙe hannunsa tamau kamar makaho na gaske, har ina laluben bango don ƙarin armashi. Muka zauna a benci a gaban ƙofar likita, tsakanin wata mata mai rawar hannu da wani mai barci.

Biyu da rabi ya fara kallon ƙofar fita. Ya ce ko zai je ya duba mota. Na ce jiri nake ji, kada a bar ni.

Uku saura ashirin, ba komai. Saura kwata, ba komai. Likita ta leƙo ta dube ni, na dubi agogo. Saura goma, Malam zaune lafiya yana karanta takardar wanke hannu da ke bango. Kwana goma sha shida abin nan bai taɓa makara fiye da minti uku ba, sai yau da na tara masa jama'a. Na kama kaina ina cewa a zuci, Allah ka kawo shi. Ni, ina roƙa wa mijin 'yata ciwo a kan bencin asibiti. Na yi istigfari, na sake duba agogo.

Uku saura takwas hannunsa ya yi tauri a cikin nawa. Ya ce, a hankali, Baba, a yi haƙuri a sake ni. Ban sake ba. Na ce, "Malam, ba ni aka zo dubawa ba. Na gani tun ran uku ga wata. Tashi mu shiga."

Bai samu damar jin kunya ba, abin ya riga ya kama shi. A cikin ofis ya rasa tanki, sai ya zagaya teburin likita. Ita ba ta ce ya zauna ba, ta bi shi tana duba idon, ta sa aka gunguro tukunyar iskar oksijin, aka ɗora masa abin shaƙa a fuska, ta buɗe sosai, ta ce ya sunkuya gaba ya ja numfashi. Na riƙe agogo. Minti goma sha biyu kafaɗunsa suka sauko. Ya cire abin ya taɓa fuskarsa kamar wanda aka mayar wa da kayan da aka sace masa.

Sannan ta yi tambayoyi. In ta ce yakan daɗe, ya ce ba sosai ba, in ce minti arba'in da biyar, ran Litinin saba'in. In ta ce yaya zafinsa, ya ce da dama-dama, in ce a tambayi goshinsa. A ƙarshe ta ce da shi ba Baba take tambaya ba, shi take tambaya, kuma ba gaisuwa ake ba. Ya kalli ƙasa ya ce kamar ana soka masa ƙusa mai zafi ta bayan ido, kuma haihuwa ce kawai bai sani ba, amma duk wani ciwo da ya sani wasa ne.

Ta ce wani irin ciwon kai ne, ta faɗi sunansa da Turanci, kulasta ko me. Ta ce ma'anarsa mai zuwa ayari-ayari: ya sauka sati huɗu ko shida, kullum a kan lokaci, gefe ɗaya, sannan ya kwashe kayansa sai wata shekara. Zafin yakan sauko har muƙamuƙi, shi ya sa mutane da yawa suke fara zuwa wurin haƙori ko hanci, su yi shekaru suna yawo kafin a gane. Malam ya ce amma bara da aka cire ya warke. Ta ce da bai cire ba ma zai warke, lokacin tafiyarsa ne ya yi. Ya sa harshe ya laluba inda turamensa suke a da. Ni na kalli bango.

Za a ɗauki hoton kansa don a tabbatar ba wani abu a ciki, a auna zuciyarsa kafin a ba shi ƙwayoyin rigakafi, a kai masa tukunyar iska gida. Game da fiƙa ta ce kada wanda ya taɓa ta.

Muka fito muka nufi mota. Na daina laluben bango.

Alhamis, 20 ga wata, goma na safe

Yanzu da yana kan kujerar cirewa. Yana wurin hoton kai, da fiƙarsa.

Alhamis ɗin, tara na dare

Auta ta ji komai jiya, amma sai yau ta sami bakin magana. Ta tsaya a tsakiyar falo, shi a kujerar can, ni a ta nan, ta ce ita dai Allah ya haɗa ta da maza biyu, ɗaya yana mutuwa a bayan tanki don kada a gani, ɗaya yana rubutawa don kada a ce ya gani. Ta tambaye ni ranar da na fara ja layi. Na faɗa. Ta ƙirga da yatsu zuwa ranar da aka cire na uku, ta dube ni. Da ta ɗiga min magani hannunta ya fi na kullum nauyi.

Na so in ce wani abu mai ban dariya. Ban samu ba.

Asabar, 22 ga wata, shida na yamma

Hoto ya fito lafiya, zuciya ma haka. An kawo tukunyar iska jiya, tana ɗakinsu. Lokaci na yi Malam ya shiga ya rufe ƙofa. Gaisuwar safe yanzu daga tsakar falo ake aiko min da ita, ko inuwarsa ba na gani.

Mai famfo ya zo karɓar yabo. Kwana uku tanki bai yi kuka ba. Ya ce da matar sama tun farko ya san bututun ne, sai dai bututu yakan ɗauki kwanaki kafin ya saba. Ya tambaye ni ko ba haka ba. Na ce ya san aikinsa.

Litinin, 24 ga wata, biyar na yamma

Mun koma wurin likita mu uku, Auta a tsakiya kamar katanga. Likita ta nemi izini ta ɗauki hoton shafina, ta rufe kwanakin. Ta ce tana so ta buga layukan nan biyar a ƙaramar takarda, ta ƙara tambayar ko ido na hawaye da ko mutum na iya zama, ta aika wa likitocin haƙori da masu kemis na kusa, duk wanda ya zo da ciwon gefe ɗaya mai zuwa yana tafiya a ba shi ya cika sati guda kafin a taɓa masa komai. Ta yi waya da wanda ya cire haƙoran Malam. Ta ce ya nemi a aiko masa da takarda hamsin.

Daga nan ta juya shafi ta ga babu komai tun ran Laraba. Ta ce da wannan za ta san ko ƙwayoyin na aiki, wa ke riƙe agogo yanzu? Malam ya ce shi in abin ya zo ko bango ba ya gani. Auta ta ce tana shago. Likita ta dube ni, ta dube shi, ta ce ku daidaita, ku ba yara ba ne.

Talata, 25 ga wata, huɗu na yamma

Biyu da rabi na ɗiga magani. Biyu da talatin da biyar na ji ana gunguro ƙarfe a kan siminti, aka tsaya a bakin ƙofata. Malam ne da tukunyarsa, da riga har da maɓallin wuya.

Ya ce, "Baba, ko za a riƙe mana agogo?"

Na janye ƙafata ya zauna a bakin gado. Muka jira tare, kamar masu jiran mota. Uku saura sha tara ciwon ya zo. Na buɗe masa iskar yadda likita ta nuna, ya sunkuya, idon dama na zuba har kan gwiwarsa, ƙafarsa na dukan ƙasa. Da ya miƙo hannu yana laluben abin kamawa, nawa ya samu. Yatsuna har yanzu ba su dawo daidai ba, shi ya sa rubutun ya karkace.

Da ya cire abin fuskar na ce minti tara. Ya share ido, ya jawo hannuna ya duba agogon da kyau, ya duba na wayarsa, ya yi murmushi har fiƙar ta fito. Ya ce sha ɗaya ne, Baba, kuma agogon nan naka yana baya da minti biyu.

Ƙarya yake yi, agogona bai taɓa baya ba. Amma yau ne ya fara musa min magana, sai na rubuta sha ɗaya.